Albashin Suruki

A duk unguwarsu a Kurfi babu gidan da ake cin ƙwai kamar gidan Malam Mamuda, kuma babu magidancin da ya kai shi rashin kuɗi a aljihu. Da safe ƙwai, da rana ƙwai a kan shinkafa, har yaran maƙwabta sun haddace lokacin da matarsa Inna Azumi take ɗora kasko. Masu wucewa suna jin ƙamshi suna cewa Malam ya faɗa cikin daula. Shi kuwa in goron naira ɗari zai saya sai ya lalube riga uku.

Ga yadda abin ya samo asali. Shekara biyu da suka wuce, da noma a gonakin nesa na Barkiya ya gagara saboda rashin tsaro, Mamuda ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin Kurfi. A daidai lokacin ne kajin Alhaji Suhaib suka shiga mutuwa. Suhaib shi ne mijin Mardiya, 'yar Mamuda ta uku, matashi ne mazaunin Dutsin-Ma, mai gonar kaji a bakin hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma. Mamuda kuwa tun yana yaro yake kiwon kaji da zabi. In ya tsaya a bakin ɗakin kaji ya kasa kunne, zai nuna maka wadda ba za ta kai gobe ba. Mardiya ce ta roƙe shi ya je ya duba wa mijinta. Ya je, ya ware marasa lafiya, ya sa aka buɗe tagogi aka canja wajen ruwa, mutuwa ta tsaya. Washegari ya koma ya ga yadda suka kwana. Rana ta uku ma haka. Daga nan babu wanda ya ce masa ya riƙa zuwa, babu kuma wanda ya ce ya daina. Ya zama shi ke buɗe ƙofar gonar bayan sallar asuba, shi ke rufewa bayan la'asar.

Maganar albashi ita ce ba a taɓa yi ba, don babu bakin da zai yi ta. Suhaib in ya hango surukinsa daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ba ya kiran sunansa, ba ya shan ko ruwa a gabansa. Mutumin da yake haka, ta yaya zai ƙirga kuɗi ya miƙa wa uban matarsa kamar wani ɗan ƙwadago? A ganinsa cin mutunci ne. Sai ya samo dabara. Duk ƙarshen wata motar gona takan tsaya a ƙofar gidan Mamuda ta sauke shinkafa da mai da kiret-kiret na ƙwai, a ce gaisuwa ce daga Dutsin-Ma. In Mamuda ya yi tari a gona, kafin yamma magani ya riga shi gida. Wata rana ya yi suɓutar baki ya ce 'yar gonarsa ta bayan gari tana son taki, sai ga tifa guda ta kashin kaji an juye masa a ƙofar gida, unguwa ta yi kwana uku ba a zama a waje.

Komai yana da shi, sai dai kuɗin da zai ce nasa ne. Abin yana cin ransa, amma ya haɗiye, har Mardiya ta haihu.

Haihuwar fari ce, don haka gida ta zo wanka. Aka yi suna lafiya, aka ci rago. Ranar da jariri ya cika kwana goma sha biyar, Azumi ta iske mijinta a zaure yana ɗaure igiyar keke, ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, saura kwana ashirin da biyar arba'in."

"Na sani."

"Ka san kau ɗiya ba ta komawa ɗakinta hannu biyu. Da mi za mu yi gara?"

Mamuda ya kalli ɗakin ajiya, inda buhuna suke jingine. Azumi ta bi idonsa, ta girgiza kai tun kafin ya buɗe baki.

"Kar ma ka fara. Shinkafarshi ce, manshi ne. Mu ɗauki kayan mutum mu maida mashi gida, mu ce ga gara daga gidan uban yarinya? Gwaggonninshi da ido kamar na shaho? Kafin a sauke sun gane buhun. Ni dai ba ni shiga wannan mota."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa ciwo. Gara kayan da iyayen mace suke rakiyar 'yarsu da su ne in za ta koma gidan miji, a ga cewa daga gidan mutane ta fito. Ba dole ta yi yawa ba, amma dole ta zama daga hannun uba. Mamuda ya aurar da 'ya'ya biyu kafin Mardiya, ko wacce da geron gonarsa ya raka ta. Yau ga shi yana aiki fiye da kowane lokaci a rayuwarsa, amma ba shi da abin da zai sayi ko kwanon sukari.

"Zan yi mashi magana," in ji shi.

Azumi ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta koma ciki.

Ya kuwa gwada. Washegari da Suhaib ya zo gona, Mamuda ya tsaya a hanyarsa da gangan. Suhaib ya cire takalmi ya durƙusa a cikin ɓuntun shinkafa.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Ya mai jego?"

"Lafiya lau. Dama akwai wata 'yar magana."

"To, Baba."

Mamuda ya dubi ƙeyar yaron da ke durƙushe a gabansa, kalmar kuɗi ta zo masa har maƙogwaro ta tsaya. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kwanon ruwan ɗaki na huɗu yana yoyo."

"Za a gyara yau, Baba."

Da yamma sai ga kwalbar maganin tari a gida, saboda gyaran muryar nan.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya, har ranar wata Talata da wata farar mota ta shigo gonar da hantsi. Wata mata ta fito, mai gilashi, da jaka a kafaɗa, ta ce sunanta Hajiya Saudatu, daga ofishin ƙwadago. Zagayen gonaki da masana'antu suke yi, suna duba ko ana biyan ma'aikata kamar yadda doka ta ce. Rabo, manajan gonar, ya tarbe ta da fara'a mai yawa, irin ta wanda ya shirya. Ya kawo mata kujera a gindin darbejiya da takardar sunayen ma'aikata.

"Mu ashirin da huɗu ne, Hajiya," in ji Rabo. "Kin ga ba mu kai ba."

Abin da yake nufi, dokar mafi ƙarancin albashi, naira dubu saba'in a wata, tana hawa kan wajen aikin da ke da mutum ashirin da biyar ne zuwa sama. Rabo ya san wannan sarai, ya kuma san sunan wa babu a takardar. Suhaib bai taɓa iya sa a rubuta sunan surukinsa a layi ɗaya da masu shara ba, Rabo kuwa bai ga dalilin tuna masa ba.

Hajiya Saudatu ta daɗe a aikin nan, ta san takarda daban, mutane daban. Ta ce a tara mata kowa. Masu kwasar ƙwai suka fito, da masu haɗa abinci, da matan da ke goge ƙwai suna jerawa, da direba, da masu gadi. Tana kiran suna, mai shi yana komawa gefe. Da ta gama, sai ga dattijo ɗaya ya rage a tsakar fili, da bokiti a hannu, da gashin kaza a gemu.

"Baba, kai fa?"

Rabo ya yi wuf ya amsa. "Ai wannan surukin Alhaji ne. Ziyara yake kawo mana."

"Ziyara da bokiti?" Ta juya wajen Mamuda. "Baba, yaushe ka fara kawo ziyarar?"

"An shekara biyu."

"Kullum?"

"Ban da ranar Sallah. Ita ma nakan leƙo bayan Idi, don kaji ba su san Sallah ba."

Matan goge ƙwai suka rufe baki da mayafi. Hajiya ba ta yi dariya ba, sai dai gefen bakinta ya motsa.

"Nawa ake ba ka?"

Mamuda ya sunkuyar da kai. Ya lissafa mata shinkafa da mai da ƙwai, ya ce Alhaji bai taɓa barinsa da yunwa ba, Allah ya saka masa da alheri. Ta saurara har ya gama, sannan ta cire gilashi.

"Amin. Amma duk wannan kyauta ce, Baba, tsakaninku ne. Ni albashi na tambaya. Dokar ƙasar nan ta ce ladan aiki da kuɗi ake biya, a hannun mai aikin, shi ya san abin da zai yi da abinsa. Ba mu kaɗai ba ne, yarjejeniya ce ta duniya da ƙasarmu ta sa wa hannu tun da daɗewa, kuma ana tambayarmu ko muna cikawa. Tambaya ɗaya zan yi maka, amsarka zan rubuta. Kai ma'aikaci ne a gonar nan, ko baƙo?"

Kowa ya zuba wa Mamuda ido. Wani mai haɗa abinci, Zubair, ya raɗa wa na kusa da shi wani abu, maganar ta bi layi. Cikin ɗan lokaci kowa ya gane abin da ke rataye a bakin dattijon. In ya ce baƙo, su ashirin da huɗu ne, kowa ya koma kan abin da yake karɓa. In ya ce ma'aikaci, sun cika ashirin da biyar.

Mamuda ma ya gane. In ya ce ma'aikaci, ya ɗora wa mijin 'yarsa kaya mai nauyi, a watan da ya gama hidimar suna, kuma a gaban bare. In ya ce baƙo, ya yi ƙarya da furfurarsa, Mardiya kuma ta koma ɗakinta ba gara. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"Hajiya," ya ce, "a kira mai gonar. Ba ni magana a bayanshi."

Rabo ya buga waya, rai a ɓace. Kafin rabin awa Suhaib ya iso daga Dutsin-Ma. Da ya ga surukinsa a tsaye, sai ya cire takalmi ya durƙusa a gefen motarsa, ya ƙi ƙarasowa. Hajiya ta sa aka kawo wa Mamuda benci, ta ce Alhaji ya matso. Ya matso taku uku ya sake durƙusawa, fuskarsa tana kallon tankin ruwa. Mamuda ya zauna yana kallon katanga. Ita kuma tana tsakiya, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta yi wa Suhaib bayani daga farko.

Suhaib ya saurara har ta gama. Da ya yi magana, da Hajiya ya yi.

"Hajiya, ki faɗa ma Baba, wallahi ban hana shi don rowa ba. Hannuna ne ba ya iya miƙa mashi kuɗi. Uba ne."

Hajiya ta juya wajen Mamuda, wanda ke zaune kamu uku daga mai maganar. "Baba, ka ji."

"Na ji. Hajiya, ki faɗa mashi na sani. Ki faɗa mashi ban taɓa zargin shi ba ko da rana ɗaya."

"Alhaji, ka ji."

"Hajiya, ki tambayi Baba ko akwai abin da ya rasa a gida, in aika yanzu."

Nan ne Mamuda ya ji wani abu ya taso masa, ba fushi ba, gajiya ce ta shekara biyu. Da yake da katanga yake magana, kuma ta bakin baƙuwa, sai ya ga harshensa ya saki.

"Hajiya, ki ce mashi kar shi aiko komi. Abin da na rasa ba shi aikuwa. Ɗiyata za ta koma ɗakinta ran arba'in, ina son in yi mata gara, kamar yadda na yi ma 'yan uwanta. Ba ni iya kai ma mutum shinkafarshi in ce tawa ce. Ki ce mashi ina jin kunyarshi, amma na fi jin kunyar wannan." Ya ja numfashi. "Ki rubuta. Ni ma'aikaci ne."

Wannan karon Hajiya ba ta ce wa kowa ka ji ba. Suhaib ya sa hannu ya rufe fuska. Da farko an zaci kuka yake, ashe dariya ce ta haɗu da hawaye.

"Hajiya, wata guda ke nan ina tunanin yadda zan aika da kayan garar a ɓoye, Baba bai sani ba."

"Da ka kashe ni," in ji Mamuda, ya manta da Hajiya. Ya yi sauri ya gyara. "Hajiya, ki ce mashi da ya kashe ni."

Duk filin ya ɗauki dariya, har Rabo sai da ya juya baya.

Hajiya ta bari aka lafa, sannan ta tuna wa Suhaib abin da amsar ta jawo, don kada ya ce ba a gaya masa ba. Daga wannan wata, kowa a gonar sai ya kai dubu saba'in. Suhaib ya dubi layin mutanen. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai yi kamar ƙarami ba ne. Ya ce sabon ɗakin kajin da ya so ginawa bana sai baɗi. Ya ce da ba don dattijon nan ba, da yanzu babu gonar balle a yi gardamar mutum nawa ne a cikinta. Ya ce a rubuta.

Sai rigima ta koma kan shekara biyun da suka wuce. Hajiya ta ce haƙƙinsa ne. Suhaib ya ce a biya duka. Mamuda ya ce atafau, shinkafar da ya ci fa, da tifar taki? Aka yi ta ciniki a juye, mai biya yana ƙarawa, mai karɓa yana ragewa, Hajiya tana kai saƙo tana kawowa har muryarta ta dushe. Ta ce a shekara ashirin na aikinta ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Daga ƙarshe Mamuda ya yarda da wani abu daga ciki, ya ce sauran a ajiye wa jikansa.

Saura matsala ɗaya, wadda ita ce ta farko: wa zai miƙa? Suhaib ya ce shi dai hannunsa ba zai iya ba. Mamuda ya ce shi ma ba zai iya karɓa daga hannun ba.

"Baba, kana da waya?" in ji Hajiya.

Ya zaro wata 'yar ƙarama da aka ɗaure da roba.

"Shi ke nan. A buɗe maka asusu, a tura. Waya ba ta da suruki."

Rabo ne ya rubuta sunan a ƙasan takarda, Suhaib yana kallon tanki har aka gama.

Ƙarshen wata ya kama ranar Litinin. Mamuda yana cikin ɗaki na biyu yana duba wata kaza mai ɗingishi, wayar ta yi ƙara a aljihu. Ba shi kaɗai ba, ko'ina a gonar wayoyi suka yi ta kuka kamar 'yan tsaki, daga wajen goge ƙwai aka rangaɗa guɗa. Ya miƙa wa Zubair ya karanta masa. Zubair ya karanta, Mamuda ya ce ya maimaita, ya maimaita. Sai ya karɓi wayarsa ya koma kan kazarsa, don kada a ga fuskarsa.

Ranar Laraba ya nemi izini wajen Rabo, ya ɗauki Azumi suka shiga kasuwar Dutsin-Ma. Ya daɗe bai taya kaya ba, sai ya zama ba ya son cinikin ya ƙare. Ya ja da mai gero, ya ja da mai man gyaɗa, ya tafi ya dawo, ya ɗanɗana, ya kushe, har Azumi ta ce in bai bari ba magariba za ta same su a layin 'yan sukari. Suka sayi gero da shinkafa 'yar gida da fulawa da mai da sukari. Kwana uku gidan yana ƙamshin alkaki da nakiya da dubulan.

Da aka jera kayan a tsakar gida ranar arba'in da safe, Mamuda ya zagaya su sau biyu. Nasa ne, babu ko tsinke na wani. Amma a zamanin nan kuɗi ba su da auki, kuma gidan da za a kai babban gida ne.

"Ba su yi kaɗan ba?" ya tambayi Azumi a hankali.

"Abin da Allah ya hore ke nan. Ni dai yau da ƙafata zan shiga mota."

Mardiya ta fito da jariri a kafaɗa, ta tsaya a kan kayan. Ta riga ta ji duk abin da ya faru a gona, ta bakin mutum uku, kowa da nasa ƙarin. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na gode, Allah shi ƙara girma." Mamuda ya ce ta tashi kar ta kayar masa da aboki.

Ana cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Matar Zubair ce, da kwano biyu na gero a kai, ta ce gudummawa ce. Ba ta gama saukewa ba sai ga biyu daga cikin masu goge ƙwai, ɗaya da jarkar mai, ɗaya da daddawa da kuka. Bayansu matar mai gadi da kwalin taliya. Daga nan Azumi ta daina gane wa ya shigo wa ya fita. Daga Kurfi, daga Wurma, har daga Kuki wata ta hawo babur da ƙwaryar man shanu a cinya. Duk wadda ta sauke sai ta leƙa zaure ta gaida Malam, ta ce maigidanta yana gaisuwa, ko ta ce ita da kanta ta zo. Na ƙarshe matar Rabo ce, da buhun gishiri, ta ce manaja ya ce a faɗa wa Baba ba ya riƙe da komai.

Mamuda ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa har amsar ta gagare shi. Murna ta cika shi, ya rasa inda zai sa ta, sai ya yi ta gyara hula.

Direban da aka kira ya loda, ya sauke, ya sake lodawa, ya ɗaure wasu a sama, duk da haka rabin kayan suna ƙasa, ga mata 'yan rakiya ba su shiga ba. Azumi ta leƙo zaure, mayafinta a kafaɗa.

"Malam, mota guda ba ta ɗauka. Ko a kira Dutsin-Ma su turo ta gona?"

Mamuda ya miƙe, ya sa hannu a aljihu.

"A'a. A je tasha a kira ta biyu. Ni zan biya."